Maƙabartar da Ake Ninkewa: Tarihin Bargon Sunaye na Amurka

Ranar 11 ga Oktoba, 1987, tun kafin rana ta fito, wasu mutane sanye da fararen kaya suka taru a babban filin nan na birnin Washintan, wanda ya miƙe daga ginin majalisar dokokin Amurka ya nufi doguwar hasumiyar tunawa da George Washington. Suka kasu takwas-takwas, kowane rukuni ya kama gefen wani ƙunshin yadi, suna warwarewa a hankali suna shimfiɗawa a ƙasa. Can gefe guda wani mutum na tsaye gaban lasifika yana karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya. Kafin hantsi, ƙyallaye 1,920 ne a shimfiɗe, sun cinye wurin da ya fi filin ƙwallo girma. Kowane ƙyalle faɗinsa ƙafa uku, tsawonsa ƙafa shida, wato kimanin santimita 90 da santimita 180. Da gangan aka zaɓi wannan awo, domin shi ne girman kabarin mutum ɗaya. A jikin kowane ƙyalle akwai sunan wanda cutar ƙanjamau, wadda muke kira Sida, ta kashe.

Gara in faɗa tun da wuri: waɗanda suka fara wannan aiki, da mafi yawan waɗanda aka ɗinka sunayensu a shekarun farko, maza ne masu neman jinsinsu. Mai karatu ya san matsayin wannan al'amari a addini da al'adar mafi yawanmu, kuma ba hukunci na zo yankewa ba. Tarihi na zo bayarwa, na yadda wasu mutane da aka ƙi ambaton sunansu bayan sun mutu suka sami masu ambatonsu da zare da allura, har abin ya zama aikin hannu na taron jama'a mafi girma a duniya.

Allura kafin annoba

Kafin a gane dalilin da ya sa aka zaɓi yadi, sai an san matsayin ɗinki a Amurka. A ƙasar Hausa ba abin mamaki ba ne ka ga dattijo a zaure yana ɗinkin hula, ko yana aikin aska takwas a jikin babbar riga, kuma ana girmama shi a kan sana'arsa. A can kuwa, ɗinkin hannu aikin mata ne na cikin gida, namijin da ya riƙe allura abin ba'a ne. Haka ma a wajen masu gidajen adana kayan fasaha: zanen fenti da sassaƙar dutse ko tagulla su ne fasaha, abin da aka yi da zare kuwa aikin kashe lokaci ne.

Babban aikin matan karkarar Amurka shi ne bargon ƙyallaye. Sukan tara guntayen tsofaffin riguna da buhunan gari da ragowar yadi, su yayyanka, su haɗa, su sa auduga a tsakiya, su ɗinke. Sau da yawa maƙwabta ke taruwa su yi aikin tare, ana hira ana ɗinki, kamar yadda ake gayya. Irin wannan bargo akan gaje shi daga kaka zuwa jika, kuma tun da daɗewa yana da alaƙa da makoki. A 1843 wata mata a jihar Kentaki, Elizabeth Roseberry Mitchell, wadda ta rasa ƴaƴanta maza biyu, ta ɗinka bargo mai hoton maƙabarta a tsakiyarsa. A gefen bargon ta jera ƙananan akwatunan gawa na ƙyalle, ɗauke da sunayen ƴan gidanta, da nufin duk wanda ya rasu a cire nasa a mayar da shi tsakiya. Bargon yana nan har yau a ajiye a Kentaki.

A shekarun 1970 wasu masu fasaha suka fara ɗaukar wannan aiki da aka raina suna kai shi inda ba a saba ganinsa ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce Harmony Hammond, wadda aka haifa a Cikago a 1944. A 1973, shekarar da ta bayyana cewa ita mai son jinsinta ce, ta riƙa tsinto ragowar yadi daga bolar masana'antun tufafi na birnin Niyu Yok, ta kitsa su kamar gashi, ta nannaɗe su suka zama faifai manya-manya irin dardumar tsumma da matan ƙauye ke yi, ta shafa musu fenti, ta shimfiɗa a ƙasan ɗakin baje koli. Mai kallo ya saba ɗaga kai ya dubi bango, yanzu dole ya sunkuya. Daga baya ta riƙa naɗe katako da tsummoki har ya yi kauri kamar gaɓar mutum, ta jingina su da bango suna dafa juna. Abin da take nunawa shi ne, abu mai taushi da aka jefar zai iya tsayawa a matsayin sassaƙa, kuma zai iya ɗaukar labarin mutanen da su ma aka ture gefe.

A ɗaya gefen ƙasar, a San Faransisko, akwai Gilbert Baker, tsohon soja ɗan jihar Kansas wanda ya koya wa kansa ɗinki. A 1978 shi da ƴan sa-kai suka rina yadi da hannu a cikin manyan durom-durom, suka ɗinka tuta mai launuka takwas irin na bakan gizo, aka ɗaga ta ranar 25 ga Yuni. Kafin nan alamar da aka fi sanin waɗannan mutane da ita ita ce ƙyalle mai kusurwa uku, ruwan hoda, wanda gwamnatin Hitila ta riƙa liƙa musu a riga a sansanonin tsare mutane. Baker yana son alamar da su suka zaɓa da kansu. Launukan sun ragu zuwa shida daga baya, wani ɓangare na dalilin kuwa shi ne wahalar samun yadi ruwan hoda mai yawa a kasuwa. Saboda haka lokacin da annoba ta sauka, akwai telolin da kekunan ɗinki a unguwar.

Cutar da ba a son faɗin sunanta

Ranar 5 ga Yuni, 1981, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto a kan samari biyar a Los Anjalis da suka kamu da wani irin ciwon huhu da ba ya kama mai ƙoshin lafiya. Duka biyar ɗin masu neman maza ne. Da farko har sunan da aka laƙaba wa ciwon yana danganta shi da su kaɗai, sai a 1982 aka sauya. A 1983 masu bincike a cibiyar Pasteur da ke Faris suka gano ƙwayar cutar. Magani dai babu.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwon kansa muni a wajen wasu. An kori marasa lafiya daga aiki da gidajen haya. Akwai masu sana'ar shirya gawa da suka ƙi taɓa gawarwakin. Iyaye da dama sun ƙi zuwa jinya, idan kuma ɗansu ya mutu sai su rubuta a jarida cewa ya rasu bayan doguwar jinya, kalmar da mu ma mun san amfaninta a sanarwar rasuwa. Abokin zaman mamacin, wanda ya yi watanni yana wanke shi yana ba shi abinci a baki, ba shi da wani matsayi a doka, wani lokaci ko wurin jana'iza ba a barinsa ya je. Da yawa an ƙone gawarsu, ba kabari balle alama. Shugaba Ronald Reagan bai ambaci cutar a bainar jama'a ba sai a Satumban 1985, da wani ɗan jarida ya tambaye shi. Babban jawabinsa na farko a kanta ya zo ne a ƙarshen Mayun 1987, lokacin da Amurkawa fiye da 20,000 sun riga sun mutu.

Daren kyandir

A San Faransisko akwai wani matashi mai suna Cleve Jones, wanda ya yi aiki a ofishin Harvey Milk. Milk kansila ne da aka zaɓa a 1977 bayan ya fito fili ya faɗi ko shi wane ne. Ranar 27 ga Nuwamba, 1978, wani tsohon kansila, Dan White, ya shiga zauren birnin ya harbe Milk da magajin gari George Moscone. Daga nan Jones ya riƙa shirya tattakin kyandir duk shekara a wannan rana.

Yana cikin shirin tattakin 1985 sai ya ji cewa waɗanda cutar ta kashe a birnin kaɗai sun haura dubu ɗaya. Mafi yawansu mazauna ƴan layuka ne da ke kewaye da inda yake tsaye, amma babu wani abu a titi da ke nuna haka. Sai ya roƙi masu tattakin kowa ya rubuta sunan wanda ya rasa a jikin kwali. Da suka isa tsohon ginin gwamnatin tarayya, suka jingina tsani suka manna kwalayen a bango. Wasu sun rubuta cikakken suna, wasu sunan fari kawai saboda tsoro. Jones ya ja da baya ya dubi bangon, kwalaye manya da ƙanana a jere gefe da gefe, sai ya ga kamar bargon ƙyallaye.

Fiye da shekara guda tunanin yana ransa. A farkon 1987 ya yi ƙyalle na farko domin amininsa Marvin Feldman, da fentin feshi, a bayan gida, domin shi ba tela ba ne. A watan Yuni shi da Mike Smith da wasu suka kama wani shago da ba kowa a titin Market, suka kafa ƙungiyar da suka kira NAMES Project, wato aikin sunaye. Suka liƙa takarda a ƙofa suna neman kekunan ɗinki da ƴan sa-kai. Wata mata mai suna Gert McMullin tana cikin waɗanda suka fara zuwa, kuma ta shafe shekaru fiye da talatin tana ɗinki da gyaran bargon. Ba da daɗewa ba ƙunshi suka fara isowa ta gidan waya daga garuruwan da masu shagon ba su taɓa zuwa ba.

Zaɓen bargo dabara ce. Jones ya san cewa Ba'amurken karkara, wanda ko kusa ba ya son jin zancen waɗannan mutane, yana da irin wannan bargo a gadon kakarsa. Abu ne na ɗumi da gida da iyali, kalmomin da ake cewa waɗannan mamata ba su da rabo a ciki. Awon kabari kuma yana da nasa aiki. Idan aka ce mutum dubu ashirin sun mutu, lamba ce a jarida. Idan aka shimfiɗa wurin da gawarwakinsu za su ci a gaban majalisa, gani ya kori ji.

Abin da ke jikin ƙyallayen

Ba a gindaya wa masu ɗinki wata doka ba ban da awo. Don haka kowa ya sa abin da ya tuna mamacinsa da shi: wandon jins da ya tsufa a jikinsa, rigar aiki, rigar soja, taye, ƴar tsana, zoben aure, hotuna, wasiƙu, gashin kai, tufafin rawa masu ƙyalli, har da ƴar jaka mai ɗauke da tokar gawa. Akwai ƙyallayen fitattu, irin su ɗan fim Rock Hudson da ya mutu a 1985 da mawaƙi Freddie Mercury da ya mutu a 1991. Akwai na Ryan White, yaron da ya kamu ta hanyar maganin da ake haɗawa daga jini, aka hana shi shiga makaranta, ya mutu a 1990 yana da shekara 18. Akwai na jarirai da na mata. Wani saurayi ɗan jihar Teksas ya ɗinka nasa da hannunsa tun yana raye, ya rubuta ranar haihuwarsa da ranar da aka gaya masa yana da cutar, ya sanar da mai karantawa cewa in har yana ganin wannan rubutu to shi ya riga ya tafi. Akwai kuma waɗanda ba suna a jikinsu, sai kalmar ɗana ko ƙanena, domin iyalin na tsoron maƙwabta.

Ana haɗa ƙyallaye takwas su zama babban yanki mai ƙafa goma sha biyu ta kowane gefe, a bar hanya tsakanin yanki da yanki.  Ba a tsayawa a kalle shi daga nesa kamar hoto. Shiga cikinsa ake yi, kai a sunkuye, ana tafiya a hankali kamar mai neman kabarin ɗan'uwa. Masu shiryawa sukan ajiye kwalayen takardar share hawaye a kusurwoyi.

A wannan fili na Washintan akwai wani wurin tunawa da aka buɗe a 1982, bangon baƙin dutse da Maya Lin ta tsara, mai ɗauke da sunayen sojojin Amurka fiye da 58,000 da suka mutu a yaƙin Biyetnam. Can duk sunayen da harafi iri ɗaya aka sassaƙa su, kuma bangon yana nan daram. Bargon kuwa babu sunaye biyu da suka yi kama, ruwan sama na iya lalata shi, kuma ba a ba shi wurin zama na dindindin ba. Amma rauninsa ya zame masa ƙarfi: ana ninke shi a sa a mota a kai makarantar ƙauye, ko majami'a, ko filin wasa. A 1988 ya zaga birane ashirin, a kowane gari ana karɓar sababbin ƙyallaye. Da ya koma Washintan a Oktoban wannan shekara, a filin da ke daura da fadar White House, ƙyallayen sun kai 8,288. A 1989 aka sa shi cikin waɗanda ake duba wa lambar zaman lafiya ta Nobel, fim ɗin da aka yi a kansa kuma ya ci kyautar Oscar a 1990.

Masu suka

Ba kowa ne ya yarda da wannan hanya ba, har a cikin waɗanda abin ya shafa. Ƙungiyar ACT UP, wadda aka kafa a Niyu Yok a watan Maris na 1987, ta fi gaskata zanga-zanga da toshe ofisoshi. A ganin wasu daga cikin ƴaƴanta, bargon ya yi kyau da yawa. Mutum zai zo ya yi kuka, ya ji sanyi a ransa, ya koma gida ba tare da ya tambayi wanda ya hana kuɗin bincike ba. Ranar 11 ga Oktoba, 1992, lokacin da bargon yake shimfiɗe a Washintan, suka yi tattaki ɗauke da tokar ƴan'uwansu, suka watsa ta ta saman shinge a kan ciyawar fadar shugaban ƙasa.

Akwai wani ƙorafi kuma da masu bargon da kansu suka amsa. Cutar ta fi yin ɓarna a cikin baƙaƙen fata na Amurka idan aka kwatanta da yawansu, amma sunayensu ba su da yawa a bargon. Ɗinka ƙyalle na buƙatar lokaci da kuɗi, da kuma iyalin da suka yarda a faɗi abin da ya kashe ɗansu. Daga baya ƙungiyar ta riƙa shirya zaman ɗinki na musamman a unguwannin baƙaƙe da majami'unsu don cike wannan giɓi.

Idan aka duba da kyau, hanyoyin biyu sun taimaki juna. Masu ihu sun tilasta wa hukumomi gaggauta gwajin magunguna. Masu ɗinki kuma sun jawo uwaye da kakanni, mutanen da ba za su taɓa shiga zanga-zanga ba, suka zauna gefe da gefe da abokan ƴaƴansu da a da ba sa gaisawa da su.

Bayan 1996

A Oktoban 1996 aka shimfiɗa bargon gaba ɗayansa a karo na ƙarshe. Ƙyallaye kusan 40,000 suka rufe filin Washintan, kuma Bill Clinton ya zama shugaban ƙasa na farko da ya taka ya je ya gani. A wannan shekarar ce aka fara amfani da haɗin magungunan da ke danne ƙwayar cutar, mace-mace suka ragu ƙwarai a ƙasashe masu arziki, ƙunshin da ke isowa ta gidan waya su ma suka ragu. Tun daga nan bargon ya yi girman da babu filin da ake shimfiɗa shi duka.

Amma a lokacin annobar ta riga ta yi sansani a Afirka, inda mafi yawan masu ɗauke da cutar mata ne, kuma ta hanyar aure da haihuwa da mu'amalar namiji da mace ta fi yaɗuwa. Mutanen sun bambanta, kunyar da shirun kuwa iri ɗaya ne. A Disamban 1998 maƙwabta suka kashe wata mata, Gugu Dlamini, a kusa da Durban ta Afirka ta Kudu, bayan ta faɗa a rediyo da talabijin cewa tana da cutar. A can ma an koma ga allura. A ƙauyen Hamburg da ke lardin Gabashin Kef, mata kimanin 130 suka shafe watanni bakwai suna surfani da aikin duwatsun ado, suka kammala a 2005 wani katafaren allon majami'a da ake kira na Keiskamma, mai buɗewa kamar ƙofofin kabad. A fuskar farko akwai matar da mijinta ya mutu, cikin shuɗin tufafin takaba, marayu na kewaye da ita. A can ciki akwai hotunan kakanni da jikokin da aka bar musu.

Shi kuwa bargon Amurka, ya yi zama a Atlanta daga 2001, sannan a ƙarshen 2019 aka sanar da mayar da shi yankin San Faransisko. Yau nauyinsa tan 54 ne, ƙyallayensa kusan 50,000, sunayen da ke jikinsa sun haura 110,000. Wasiƙu da hotunan da suka zo tare da ƙyallayen suna ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Ranar 1 ga Disamba, 2024, aka shimfiɗa wani sashe nasa a kan ciyawar fadar White House, wurin da aka watsa toka shekara 32 kafin nan. Duk da girman nan nasa, ɗan kaɗan ne daga cikin mutane fiye da miliyan 40 da cutar ta kashe a duniya.

Hausawa na cewa mutuwa rigar kowa ce. Tarihin nan ya nuna cewa ambato bayan mutuwa ba kowa ake yi wa ba, sai in wani ya tsaya ya yi. A garuruwanmu ma akwai gidajen da har yau ba a faɗin abin da ya kashe wani nasu, akwai kuma marayun da suka girma ba a taɓa gaya musu gaskiya ba.

A farkon shekarun aikin, wani ya kawo ƙyalle ɗaya shagon titin Market ya ajiye bai faɗi sunansa ba. Babu sunan mamaci a jikinsa, an rubuta kawai cewa shi ne na ƙarshe. Masu kula da bargon suka fahimci nufin mai shi, suka yanke shawarar ba za su haɗa shi da sauran ba sai ranar da aka daina mutuwa da wannan cuta. Har yanzu yana ajiye shi kaɗai.